Keke da Kuɗin Fito a Kwarin Rima

A watan Afrilu na 1853 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya shiga Wurno, ribaɗin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raya, inda kuma aka binne shi a 1837, ya tarar Aliyu Babba ne ke riƙe da ragamar daula daga can. A wancan zamani akasarin hajar da ta iso kasuwannin kwarin Rima a bayan jaki ko takarkari ko raƙumi take zuwa, kuma abin da fatake ke biya a hanya ba ɓoyayye ba ne: madugu ya kai gaisuwa fada, ayari ya biya kuɗin fito a mashigin kogi, sarkin kasuwa ya karɓi nasa. Mai saye ya san dalilin da ya sa gishiri ko goro ya yi tsada, ya kuma san hannun da ya karɓi ƙarin.

Turawan Ingila sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903, kuma a cikin shekarar shugabansu Lugard ya ɗora wa ayarin fatake haraji, kashi 5 cikin ɗari na darajar kaya a kowane lardi da suka ratsa, har zuwa kashi 15. Kamfanonin Turawa da fatake duk sun koka, aka soke shi a 1907. A daidai wannan lokaci, tsakanin 1906 da 1908, aka kafa alamun iyaka tsakanin ƙasar Ingilishi da ta Faransawa, Birnin Ƙonni ta faɗa hannun Faransawa, Wurno da Rabah da Goronyo suka zauna hannun Turawan Ingila. Da aka haɗe Kudanci da Arewacin Nijeriya a 1914, babban abin da gwamnati ta dogara da shi shi ne kuɗin fiton da ake karɓa a bakin teku. Daga nan mai karɓar haraji ya ɓace daga idon mai saye, harajin ya koma cikin farashi.

A wannan yanayi keke ya iso. Jirgin ƙasa ya kai Kano a 1911, reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya Ƙaura Namoda a 1929, bai taɓa ƙarasowa Sakkwato ba. Saboda haka keken Raleigh da aka ƙera a birnin Nottingham sai ya sauka Ikko, a biya masa kuɗin fito, ya hau jirgi zuwa Gusau, sannan mota ta ɗauko shi zuwa kantin Bature, irin na kamfanin UAC da aka kafa a 1929. Kowane zango da ladarsa, kuma duk a kan mai saye. Shi ya sa a farko keke ya zama abin hawan masu albashi da manyan 'yan kasuwa: malaman makaranta, malaman haraji, ma'aikatan asibiti da na gona. A shekarun da Ahmadu Bello ya riƙe sarautar Rabah, daga 1934 har zuwa komawarsa Gusau a 1938, doki ne abin hawan hakimi, talaka kuwa ƙafarsa da jakinsa, mai keke a ƙauye ana ƙirga shi da yatsu.

Harajin da mai keke ya sani shi ne lasisin En'e. Kowace shekara ya je ya biya, a ba shi rasit da 'yar alamar ƙarfe ya ɗaura a jikin keken, in ɗan doka ya tare shi ranar kasuwa ya nuna. Wannan haraji ya daɗe, domin har yau tsarin mulkin 1999 ya lissafa ba da lasisin keke da kwale-kwale da amalanke cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Amma lasisin ƙaramin alhaki ne in aka gwada shi da abin da aka riga aka karɓa a tashar jiragen ruwa, wanda manomin Gandi ko Shinaka bai taɓa ganin takardarsa ba.

Bayan samun 'yanci a 1960, gwamnati ta ɗauki kuɗin fito a matsayin garkuwar masana'antun gida. Dabarar ita ce a tsawwala wa kayan da aka gama ƙerawa, a sassauta wa sassan da za a haɗa a cikin ƙasa, don kamfanoni su ga riba a kafa ma'aikata a nan. A shekarun 1970 Raleigh na da ma'aikata a Kano, kuma daga can kekuna ke bazuwa Arewa. Zamanin ya zo daidai da arzikin man fetur, Naira na da ƙarfi, kuma da aka biya ƙarin albashin Udoji a 1975 ma'aikata da yawa suka koma babur, keke ya gangaro hannun manoma da ƙananan 'yan kasuwa. A kwarin Rima nan ne ya sami aikinsa na gaskiya. Noman rani a fadamun Wurno, da madatsar ruwan Goronyo da aka gama ginawa a 1984, sun ƙara yawan albasa da tafarnuwa da shinkafar da ke neman hanyar kasuwa. Manomi ya kai keke wa mai walda a ƙara wa kariya rodi, ya yanka tsohon tub ya yi igiya, ya ɗora buhu ya nufi kasuwar Acida, in yashi ya yi yawa ya sauka ya tura.

Sai dai ma'aikatar da ke haɗa keke da sassan waje tana numfashi ne da kuɗin waje. Da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu a watan Afrilu na 1982, ta ƙara kuɗin fito, ta sa kaya masu yawa ƙarƙashin lasisin shigo da kaya. Lasisin kansa ya zama haja, ana samunsa ta hanyar sanayya a sayar wa mai bukata, taya da sarƙa da boris suka yi wuyar samu. A watan Satumba na 1986 gwamnatin Babangida ta soke lasisin, ta saki Naira a kasuwar canji, Dala ɗaya da ba ta kai Naira ɗaya ba a 1985 ta haura Naira 4. Sassan da ma'aikatar Kano ke shigowa da su suka ninka tsada, aljihun mai saye ya rame, kekunan Sin da Indiya irin su Phoenix da Hero suka mamaye kasuwa saboda araha. Kuma da yake tashar Kwatano na da sauƙin haraji, wani kaso na kayan ya riƙa bi ta Gaya zuwa Ƙonni da Maraɗi, ya sulalo ta Illela da ƙananan hanyoyin da ke gabas da ita, inda dangi ke zaune a ɓangarorin iyaka biyu.

A 2001 ministan sufuri, Ojo Maduekwe, ya fito yana kiran 'yan ƙasa su koma hawan keke, har ya hau da kansa a titin Abuja. A farkon 2004 kuma gwamnatin Obasanjo ta sa haɗaɗɗen keke cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su, ta bar ƙofa ga wanda ya zo a warware. Niyyar ita ce farfaɗo da masana'antu, amma masana'anta na bukatar wutar lantarki da ƙarfe da bashi mai sauƙin ruwa, kuma takardar hani ba ta samar da ko ɗaya. Abin da ya biyo baya shi ne kekuna suka ci gaba da zuwa cikin kwalaye, kanikawan kasuwa na zaune a ƙarƙashin rumfa suna jera sifok a rim ɗaya bayan ɗaya, suna ɗaure birki da feda. An cire hanin daga baya. A ganina kuskuren da ya ratsa duk waɗannan shekaru ɗaya ne: masu tsara haraji sun lissafa keke cikin kayan jin daɗi, alhali a Wurno da Rabah da Goronyo kayan aiki ne kamar galma da injin ban-ruwa.

Tun 2015 Nijeriya na bin jadawalin bai-ɗaya na ƙungiyar ECOWAS, mai hawa biyar: sifili, kashi 5, 10, 20 da 35, inda kayan da aka gama ƙerawa don amfanin jama'a ke zama a hawa na 20, kayan haɗi kuma a ƙasa da haka. Ɗan kasuwa zai buɗe Fom M a banki kafin kaya su taso, kwastan su tantance daraja, wadda ta haɗa kuɗin kaya da inshora da ladar jirgi. A kan wannan aka riƙa yanka kuɗin fito, a ƙara kashi 7 na kuɗin fiton kansa, da rabin kashi ɗaya na ECOWAS, da kuɗin duba kaya, sannan a ɗora harajin VAT a kan jimillar duka, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a watan Fabrairu na 2020. A lissafin wancan lokaci, kayan Naira 100 da ke hawa na 20 sukan fito tashar Apapa sun kusa Naira 132, tun ba a biya wakilin fito da kaya da kuɗin ajiya da tirelar da za ta kai Kano ko Sakkwato ba.

Rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 ya toshe hanyar Nijar, juyin mulkin Yamai na Yuli 2023 ya sake toshe ta har zuwa Maris 2024. A tsakanin nan, ranar 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafin man fetur, mutane da dama a garuruwan Rima suka jingine babur suka kakkaɓe tsofaffin kekunansu, masu faci suka sami ciniki. Amma a watan Yuni aka sake sakin Naira, Dala ta tashi daga kimanin Naira 460 har ta haura 1,500 a Fabrairu 2024, kuma da yake kwastan da farashin Dala suke lissafi, kuɗin fiton taya da tub ya riƙa hawa ba tare da an taɓa jadawalin ba. Sai a ƙarshen watan Fabrairun Babban Banki ya umarci a riƙa amfani da farashin ranar da aka buɗe Fom M, don mai shigo da kaya ya san abin da zai biya kafin kwantenarsa ta iso.