Madanganci Uku a Bakin Ɗalibi Ɗaya: Tarihin “-n” da “al-” da “the” a Ƙauyukan Hausawan Jazira

Gabatarwa

A darasin nahawu akan gaya wa ɗalibi cewa madanganci, wato “-n” da “-r” da ake ɗafa wa ƙeyar suna, shi ne takwaran “the” ta Ingilishi da “al-” ta Larabci. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba, kuma abin da aka bari a baya shi yake kayar da ɗalibai a jarrabawa da wajen fassara. Babu inda giɓin ya fi fitowa fili kamar ƙauyukan Hausawa na Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan. A can yaro yakan tashi da Hausa a gida, ya yi Larabci a kasuwa da makaranta, daga baya ya tarar da Ingilishi a aji. Harsunan uku duk suna da hanyar nuna cewa an san abin da ake magana a kansa, sai dai kowanne da inda ya kafa iyakarsa.

Zuwan Hausawa Jazira

Tun kafin zuwan Turawa, mahajjata daga ƙasar Hausa suna bin hanyar gabas ta Borno da Wadai da Darfur da Kordofan, har su kai gaɓar Bahar Maliya. Tafiya ce ta shekaru, kuma da yawa sukan yada zango su yi noma don neman guzuri, zangon ya zama gida. Babbar ƙaura ta biyo bayan faɗuwar Sakkwato a watan Maris na 1903. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira da jama’a mai yawa, ya rasu a yaƙin Burmi a watan Yuli na shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda aka fi sani da Mai Wurno, shi ya ci gaba da jagorantar waɗanda suka tsira. Wajen 1906 suka sauka a Shaihu Talha a bakin Shuɗin Nilu, daga nan aka kafa garin Mai Wurno a kudu da Sinnar. Fulani da Hausawa ne suka cika garin, mutanen ƙasar kuwa suka haɗa su duka a suna ɗaya, Fallata.

A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe gagarumin aikin noman auduga a filin da ke tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu, wanda Larabawa suke kira Jazira. Aikin yana bukatar hannaye, musamman lokacin tsinkar auduga, sai mutanen yamma suka yi ta kwarara. Wasu suka kafa ƙauyuka, wasu suka zauna a matsugunan ma’aikata da ke gefen magudanan ruwa. Irin wannan matsuguni ana ce masa “kambo”, kalmar da aka aro daga Ingilishi, Larabcin Sudan ya yi mata jam’i irin nasa, “kanabi”. A gona ma da Larabci ake kiran komai: rabon manomi “hawasha” ne, babban magudani “tur’a”, jami’in da ke duba aiki “mufattish”. Ta haka Larabci ya tashi daga matsayin harshen karatun addini ya zama harshen yau da kullum a bakin Bahaushe. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami’ar Hartum ya yi littafi guda a 1999 a kan yadda Hausar Sudan take sajewa da Larabci.

“Al-” da Hausa ta haɗiye

Hausawan da suka sauka a Jazira sun zo da “al-” a bakinsu ba tare da sun san da ita ba. Ƙarnoni kafin hijirar, tun zamanin da Wangarawa suka zo Kano a mulkin Sarki Yaji a ƙarni na 14, kalmomin Larabci suke shigowa Hausa ta hanyar fatauci da malanta. Wanda ya ji kalma a bakin fatake bai san inda alif da lam suka ƙare ba, sai ya ɗauke ta ɗungurungum. Da haka aka sami alƙali da alƙalami da albasa da alkama da aljihu da almakashi. A wasu kalmomin wasalin farko ya faɗi, lam kaɗai ya saura: littafi, labari, liman, lahira, lardi. A wasu kuma lam ya saje da harafin da ke binsa, kamar yadda yake yi a gaban haruffan rana na Larabci: annabi, asuba, attajiri. Joseph Greenberg ya lura da wannan tun a 1947, ya raba kalmomin aron gida biyu: tsofaffi waɗanda galibi suka zo ta baka ɗauke da “al-”, da na baya waɗanda suka zo ta hannun masu karatu.

Shaidar ta fi ƙarfi a kalmomin da Hausa ta ara sau biyu. “Ladabi” da “adabi” tushensu ɗaya: na farko ya shigo da lam ɗinsa ya tsaya a kan tarbiyya, na biyu ya shigo tsurarsa ya zama sunan fannin karatu. Haka “lissafi” da “hisabi”, “laifi” da “aibi”, “alhaki” da “haƙƙi”. Kalmomin da ’yan boko da malamai suka aro a ƙarni na 20, irin su jarida da jami’a da siyasa da jamhuriya, babu ko ɗaya mai “al-”, domin masu aron sun san Larabci, sun san ita ba jikin kalma ba ce.

Abin lura shi ne, “al-” da aka haɗiye ta mutu a matsayin alamar sanayya. Bahaushe yakan ce “wani alƙali” ba tare da ya ji karo ba, ya kuma ce “alƙalin ya zo”, wato ya ɗora madangancinsa a ƙeyar kalmar da ta riga ta ɗauki na Larabci a goshi. Ba Hausa kaɗai ta yi haka ba. Mutanen Sifaniya suna kiran magajin gari “alcalde”, daga kalmar da ta ba Hausa “alƙali”. Ingilishi ma ya haɗiye ta a “algebra” da “alcohol”, har ya taɓa rikicewa da nasa: abin da a da ake cewa “a napron” shi ya koma “an apron”, saboda kunne ya yanka kalmar a inda bai dace ba.

A Jazira ne tsohon aro ya yi arba da asalinsa. Wanda ya tashi yana cewa albasa ya ji mai kasuwa yana cewa “basal”, alƙalami ya zama “galam”, alƙali ya zama “gadi”, kuma ana sa musu “al-” ana cirewa gwargwadon bukatar zance. A bakin Bahaushen Sudan ke nan “al-” iri biyu ce: matacciya a cikin Hausarsa, rayayya a cikin Larabcinsa.

Shigowar Ingilishi

Daga 1899 zuwa 1956 Sudan tana ƙarƙashin mulkin haɗin gwiwa na Ingila da Masar. An buɗe Kwalejin Gordon a Hartum a 1902, aka kafa cibiyar horar da malamai ta Bakht er Ruda a 1934. Da Larabci ake koyarwa a makarantun elemantare, Ingilishi kuwa sai an hau gaba. ’Ya’yan manoman auduga da yawa makarantar allo suka fi sani, wadda a can ake kira “khalwa”. Bayan samun mulkin kai, a 1965 aka fara mayar da karatun sakandare zuwa Larabci, a 1990 aka yi wa jami’o’i haka. Ingilishi ya saura darasi ɗaya a cikin darussa, kuma da Larabci malami yake bayaninsa. Sakamakon haka, ɗan Bahaushe yana isa ga “the” ne ta kan gadar “al-”, Hausarsa tana gefe ba mai tambayar ta.

Turawan mulki su ma sun yi fama da wannan harafi a sunayen wurare. Sun fassara shi a sunan ƙasar suka ce “the Sudan”, suka ce “the Gezira”, amma suka yar da shi a sunan Hartum. Hausa ta yi nata zaɓin: ta riƙe shi a Alƙahira, inda Turawa suka yar, ta yar da shi a Madina da Sudan.

Inda ukun suka haɗu da inda suka rabu

Madanganci na Hausa aikinsa ƙayyadadde ne. Yana nuni ga abin da aka riga aka ambata, ko wanda mai magana da mai sauraro suka san da zancensa. “Na sayi doki” labari ne sabo. “Na sayi dokin” yana nufin wanda aka yi maganarsa. Ana sa “-r” ga sunan mace mai ƙarewa da “a”, sauran duka “-n”, kalmar da ta ƙare da baƙi kuma ta ɗauki “ɗin”. Kada a rikita shi da mahaɗi, ko da yake rubutunsu ɗaya ne. Madanganci yana zuwa da karin sauti na ƙasa, shi ya sa muryar take faɗuwa a ƙarshen “gidan” idan ana nufin wanda aka ambata, amma ba ta faɗuwa a “gidan Audu”.

Akwai wurin da harsunan uku suke tafiya tare. Hausa ta ce “yaron da ya zo”, Larabcin Sudan ya ce “al-walad al-ja”, Ingilishi ya ce “the boy who came”. A nan ne maganar da ake gaya wa ɗalibai take gaskiya. Daga nan sai hanya ta rabu gida huɗu.

Na farko, abin da babu irinsa biyu. Hausa takan ce “rana ta fito”, “sarki ya iso”, babu madanganci, domin sanannen abu ba ya bukatar a nuna shi. Larabci yana sa “al-”, Ingilishi yana sa “the”: “the sun”, “the emir”. A nan Larabci ne jagora nagari, wanda ya bi Hausa zai bar giɓi.

Na biyu, sunan abin da ba a gani da sunan jinsi baki ɗaya. “Haƙuri maganin zaman duniya” ba shi da madanganci, haka “ilimi” da “rayuwa” da “auduga” idan ba wata ta musamman ake nufi ba. Larabci dole ya ce “as-sabr” da “al-hayat”. Ingilishi kuwa ya bi bayan Hausa: “patience”, “life”, “cotton”, tsurarsu. Ɗalibin da ya rubuta “the life is hard” Larabci ne ya ja shi, alhali da ya saurari harshen gidansu da ya tsira.

Na uku, sabon abu tilo da ake iya ƙirgawa. Ingilishi ba ya barin irin wannan suna tsirara, sai ya sa masa “a” ko “an”, waɗanda asalinsu tsohuwar kalmar “ɗaya” ce. Larabcin baka ba shi da takwararsu. Hausa tana da mafayyaci “wani” da “wata”, amma su suna nufin takamaiman abu ne da ba a bayyana ba. Ba a cewa “shi wani manomi ne” idan sana’arsa kawai ake son faɗa, Ingilishi kuwa dole ya ce “he is a farmer”. A nan babu harshen da zai taimaki ɗalibi, sai ya koyi dokar daga tushe. Zaɓi tsakanin “a” da “an” kuma sauti yake bi, ba harafi ba: “an hour”, amma “a university”.

Na huɗu, mallaka. Hausa ta ce “ƙofar gidan”, Larabci ya ce “bab al-bet”, duka biyun suna nuna sanayya a suna na biyu kaɗai. Ingilishi yana so a sa wa kowanne: “the door of the house”. A wannan gaɓar harsuna biyu ne suka taru suka ja ɗalibi zuwa kuskure ɗaya.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa kuskuren ɗalibi yana da asali, kuma malamin da bai san daga wane harshe ya fito ba zai yi ta jan layi da jar tawada ba tare da ya warkar da komai ba. Yaron Mai Wurno ko na kambo a kusa da Wad Madani ana ɗaukarsa mai Larabci kawai, sai a yi asarar wuraren da Hausarsa ta fi kusa da Ingilishi. Ɗalibin Hausa a Kano ko Zariya ko Maraɗi shi ma yana da rabo a darasin. Idan zai fassara daga Ingilishi, kada ya mayar da kowace “the” ta zama “-n” ko “-r”. Wanda ya rubuta “ranar ta fito” a farkon labari ya sa mai karatu neman inda aka ambaci ranar a baya. Idan kuma zai fassara zuwa Ingilishi, ya tambayi kansa abu uku game da kowane suna: ana ƙirga shi, tilo ne ko jam’i, kuma mai sauraro zai iya gane wanne ake nufi? Amsar tambaya ta uku ita ke kawo “the”, ko da Hausa ta bar sunan babu madanganci.