Tsakanin Ruga da Birni: Tarihin Ciwon Sukari a Nijeriya da Darasinsa ga Gabashin Sakkwato

A shekarar 1901, wani likita ɗan Ingila mai suna Albert Cook, wanda ke aiki a ƙasar Yuganda, ya rubuta cewa ciwon sukari bai cika samuwa a tsakanin mutanen da yake dubawa ba, amma wanda ya kama da wuya ya sha. Wannan fahimta ta daɗe tana tasiri a Afirka, har a ƙasar Hausa, inda ake kiransa ciwon masu kuɗi. Shekara 120 bayan haka, a 2021, Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta cewa manya miliyan 24 ne ke ɗauke da shi a yankin Afirka, kimanin miliyan 3.6 daga cikinsu a Nijeriya.

Ƙidayar farko da ta game ƙasar nan an yi ta ne a 1992, lokacin da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta gudanar da bincike kan cututtukan da ba a ɗaukarsu daga wani, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Oladipo Akinkugbe. Sakamakon ya nuna kashi 2.2 cikin ɗari na manya. Sai dai wannan adadi ya ɓoye babban bambanci: a karkarar Mangu ta jihar Filato bai kai kashi 1 ba, alhali a cikin Legas ya ninka haka sau da yawa. A 2018 kuma, Farfesa Andrew Uloko na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi a sassan ƙasar, suka sami kashi 5.77. Arewa maso Yamma ce ta zo ƙasa da kashi 3.0, Kudu maso Kudu ta zo sama da kashi 9.8.

Ba dukan wannan hauhawa ce ke nufin sababbin masu ciwo ba. A ƙarshen shekarun 1990 an sauke ma'aunin da ake tabbatar da ciwon da shi, wato yawan sukarin jinin wanda bai karya kumallo ba, daga 140 zuwa 126, don haka mutanen da a da ake sallama suka shiga lissafi. Na'urorin gwaji ma sun yawaita. Duk da haka, ko an cire waɗannan, ciwon ya ƙaru, kuma binciken da aka yi a Sakkwato ya nuna ta inda yake shigowa.

Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ƙarƙashin Anas Sabir, sun gwada Fulanin da ke zaune a birnin Sakkwato, suka wallafa a 2011 cewa kashi 4.6 na da ciwon. Da suka gwada Fulanin karkarar jihar, sakamakon da ya fito a 2013 ya nuna kashi 0.8 kacal. Jini ɗaya ne, jiha ɗaya, amma tazarar ta haura ninki biyar. Abin da ya raba su shi ne cima, da motsin jiki, da ƙiba.

A nan ne tarihin Wurno da Rabah da Goronyo ya shigo. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gina Wurno a matsayin ribaɗi, ya zauna a cikinta har ya rasu a 1837, kuma yana cikin manufofinsa ya zaunar da makiyaya a garuruwa. Ke nan barin ruga zuwa gari ba sabon abu ba ne a wannan yanki. Amma zaman garin wancan zamani bai raba mutum da wahalar jiki ba. Gero da dawa ake ci, fura da nono ake sha, mata na daka a turmi, maza na zuwa gona da kasuwa a ƙafa. Haka rayuwa take har lokacin da aka haifi Sardauna Ahmadu Bello a Rabah a farkon ƙarni na 20, da shekaru masu yawa bayan haka.

Sauyin gaske ya zo ne cikin shekaru arba'in da suka wuce. An kammala madatsar ruwa ta Goronyo a kan gulbin Rima a 1984, noman rani ya faɗaɗa a fadamun yankin, shinkafa da albasa da tafarnuwa suka kawo kuɗi. Shinkafa, wadda a da abincin salla ce a gidaje da yawa, ta zama ta yau da kullum. Injin niƙa ya rage daka, injin ban ruwa ya maye gurbin jigo, babur ya maye gurbin tafiyar ƙasa, shayi mai zaƙi da lemon kwalba suka shiga kowace kasuwa. Babu mai hankalin da zai so a koma wahalar da, amma kowane sauƙi daga cikin waɗannan yana matso da jikin ɗan ƙauye kusa da na ɗan birni.

Rashin tsaro ya ƙara saurin abin. Hare-haren 'yan bindiga, irin wanda aka kai Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah a 2018 da na kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021, sun kori dubban manoma da makiyaya zuwa manyan garuruwa. Wanda ya rasa gona da garke ya rasa aikin da ke motsa jikinsa, ya koma cin abin da ya fi araha. Wanda ke shan magani kuwa, hanyar asibiti ta zama masa abar tsoro.

Lissafin mace-mace ya fi na masu ciwon rauni. Ƙungiyar da aka ambata a sama ta ƙiyasta mutuwar mutum 416,000 a yankin Afirka a 2021 sanadiyyar ciwon, kuma fiye da rabin masu ɗauke da shi ba su san suna da shi ba. Ƙiyasi ne, domin a Nijeriya kaɗan ne daga cikin mamata ake yi wa rajista. A karkara mutum kan rasu da safe, a kai shi makwancinsa kafin azahar, babu takarda. Idan an faɗi sanadi, sai a ce shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon ƙoda, ko gyambon da ya ƙi warkewa, alhali sau da yawa sukari ne ya share musu hanya. An gano insulin a Toronto ta Kanada tun 1921, amma har yau yana bukatar sanyi da kuɗi, kuma faɗuwar darajar naira daga 2023 ta ƙara nisanta shi daga talaka.

Gwamnatin Tarayya ta sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari a dokar kuɗi ta 2021. Mataki ne, amma haraji ba ya gano mai ciwo. Haɗarin da ke gaban Arewa maso Yamma shi ne a ɗauki kashi 3.0 a matsayin shaidar lafiya, a karkata kuɗi da likitoci zuwa wani wuri. Adadin hoto ne na rayuwar da ke gushewa. Na'urar gwajin sukari da takardunta a kowane ƙaramin asibiti na Wurno da Rabah da Goronyo, tare da littafin rubuta sakamako, sun fi arha nesa ba kusa ba a kan wankin ƙoda ko yanke ƙafa a Sakkwato. Sai an gwada ake sanin ko ƙauyen na nan a kashi 0.8, ko ya riga ya kama hanyar 4.6.