Damuwa ga matan da suka yi jinyar sankarar mama a kudancin Katsina

Damuwa bayan jinyar sankarar mama yanayi ne na fargaba da yawan tunani da rashin barci da ke samun mace bayan an gama yi mata magani. Sankarar mama ce ta fi kowace sankara kama mata a Najeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mata kimanin miliyan 2.3 aka gano suna da ita a duniya, kuma kusan 670,000 suka rasu. A Amurka, mutuwar baƙar fata daga cutar ta ɗara ta farar fata da kusan kashi 40 cikin ɗari.

Kalmomi

Hausawa na kiran cutar sankara, ko kansa, ko ciwon daji. Wasu kan ce "daji" kawai, wasu kuma ba sa ambatar ta sam, sai su ce "wannan larura". Kalmar "damuwa" ita ma tana ɗaukar abubuwa da yawa, tun daga ɓacin rai na yini guda har zuwa ciwon da ke buƙatar likita. Shi ya sa mace kan ce "ina da damuwa" a ba ta haƙuri a wuce, alhali magani take bukata.

Abubuwan da ke haddasa ta

Na farko shi ne tsoron dawowar ciwon. Sai sauyin jiki: cire nono, zubewar gashi, da kumburin hannu a ɓangaren da aka yi aiki. Inda shayarwa ke kai kusan shekara biyu kafin yaye, rasa nono yakan taɓa matsayin mace a gidan aure, musamman mai kishiya ko wadda ba ta gama haihuwa ba. Akwai kuma bashin jinya. Wasu matan ana ɗora su kan maganin tamoxifen shekara 5 zuwa 10, wanda ke nufin komawa asibiti a kai a kai.

A Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Waɗannan ƙananan hukumomi na shiyyar Funtua ne, kuma suna cikin waɗanda hare-haren 'yan bindiga suka fi addaba. A Ƙanƙara aka sace ɗalibai sama da 300 a Disambar 2020. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan ukun. Mai jinya a nan tana fama da tsoro biyu, na ciwo da na hanya. Ganin likitan sankara yakan buƙaci tafiya zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, ko asibitin koyarwa na tarayya a Katsina, inda aka buɗe cibiyar sankara a 2025. Wadda aka raba da ƙauyenta ta rasa maƙwabta da dangin da za su zo dubiya, kuma su ne tallafinta na farko.

Hanyoyin rage ta

Likitoci na ba da shawarar tafiya a ƙasa gwargwadon ƙarfi, isasshen barci, numfashi a hankali idan fargaba ta taso, da tattaunawa da wadda ta taɓa yin irin jinyar. Addu'a da tawakkali na kwantar wa mata da yawa hankali, haka zaman Islamiyya da na adashi. Haƙurin da ake yawan ba mai jinya kuwa yakan hana ta faɗin abin da ke ranta. Idan baƙin ciki ya wuce mako biyu, ko ta daina cin abinci, ko ta fara tunanin halaka kanta, a kai ta asibiti. Akwai asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958.