Bin Sawun Kakanninmu da Suka Je Yaƙin Burma

A ikilisiyoyinmu da yawa akwai iyalan da za su ce mana kakansu ya je Burma, amma ba su san shekara ko bataliya ba. Ranar jana'iza kuwa, ko ranar bikin tunawa da kafa ikilisiya, mu ne ake miƙa wa tarihin mu karanta a gaban jama'a. Saboda haka ya wajaba mu san yadda ake tabbatar da irin wannan labari.

Lugga ne ya kafa rundunar sojan Afirka ta Yamma a 1897, Hausa kuma ta zama harshen bariki. A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Najeriya sun fara yaƙi a Gabashin Afirka, suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941. A 1943 aka kafa Runduna ta 81 da ta 82. Ta 81 ta yi yaƙi a kwarin Kaladan a 1944, ta 82 ta biyo baya, su biyun suka taru wajen kama Myohaung a Janairun 1945. Wata birged kuma ta shiga dakarun Chindit. Shi ya sa har yau muke da barikin Chindit a Zariya da na Kalapanzin a Kaduna.

Bincike daga gida yake farawa. Mu roƙi iyali su buɗe akwatin tsohon, mu nemi takardar sallama, da hoto, da lambar yabo irin ta Tauraron Burma. Abin da ya fi muhimmanci shi ne lambarsa ta soja, domin suna yakan ruɗar da mutum. Akawun soja yakan rubuta sunan mutum haɗe da sunan garinsu ko ƙabilarsu, wani kuma bayan ya dawo ne ya karɓi sabon suna a wurin baftisma. Sai mu gwada wannan da rajistar baftisma da ta aure, mu ga ko sunan uba da ƙauye sun yi daidai. Daga nan a nufi Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Arewa House, duka a Kaduna. Idan mutumin bai dawo ba, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth tana da sunayen matattu a intanet. A maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon an zana sunaye wajen 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba.

Littafi Mai Tsarki bai raina irin wannan aiki ba. A Ezra sura 2 an dakatar da wasu daga aikin firist domin ba a sami sunansu a littafin asali ba. Jerin jarumawan Dawuda a 2 Sama'ila 23 kuma ya ƙare da Uriya Bahitte, mutumin da sarki ya zalunta. Marubucin bai share sunan don ya rufa wa sarki asiri ba.

Mu ma kada mu mai da kofur saje don a ji daɗi. Idan takarda ta nuna ɗan dako ne ko direba, mu faɗi haka da girmamawa, gama a dazukan Arakan a kan mutane aka ɗauki abinci da harsashi. Idan ba mai bi ba ne lokacin da ya tafi, kada mu ƙaga masa shaida. Abin da tsofaffi suka faɗa mu rubuta shi da sunan mai faɗa da kwanan wata, dabam da abin da takarda ta tabbatar. 'Ya'yan waɗannan sojoji su ma sun tsufa. Kowane mai hidima ya ziyarci gida ɗaya kafin ƙarshen wannan zango.