Hunturu a Argungu: Daga Fashin Ruwa Zuwa Bikin Kamun Kifi

Gabatarwa

Duk inda aka ambaci Argungu, abin da yake fara faɗo wa mai sauraro a rai shi ne dubban mutane sun ruga cikin ruwa, kowa da homa a hannu da gora a ƙirji. Wannan hoto ya zaga duniya, har wasu na zaton iyakar labarin garin ke nan. Alhali kuwa wannan rububi da bai wuce sa'a guda ba shi ne ƙarshen wata doguwar hidima ta watanni uku zuwa huɗu, wadda take somawa tun daga kaka, ta ratsa hunturu, ta ƙare a bakin bazara. Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bi sawun wannan hidima, mu ga inda bikin ya samo tushe, sa'an nan mu duba abin da ya rataya a wuyanmu mu masu riƙe da alƙalami.

Garin da mutanensa

Argungu tana gefen Gulbin Kabi, kimanin kilomita 100 kudu maso yamma da Sakkwato, a cikin Jihar Kebbi wadda aka ƙirƙiro a shekarar 1991. Mutanenta na asali Kabawa ne, magadan daular da Muhammadu Kanta ya kafa a farkon ƙarni na 16, ya yi mata hedikwata a Surame. Daga baya sarauta ta koma Birnin Kabi, wanda ya faɗa hannun mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a shekarar 1805.

Kabawa ba su miƙa wuya gaba ɗaya ba. Sama'ila Karari ya ci gaba da turjiya daga Argungu har aka kashe shi a 1831. Ɗansa Yakubu Nabame, bayan ya yi shekaru a tsare a Sakkwato, ya ɗaga tuta a 1849 tare da goyon bayan Arawa da Zabarmawa da mutanen Dendi. Tun daga nan Argungu ta zama gidan sarautar Kabi, aka yi ta gwabzawa tsakaninta da Sakkwato da Gwandu. An ɗan sami sararawa da sulhun nan da ake kira Lafiyar Toga, wanda aka ƙulla a 1867, amma bayan 'yan shekaru wuta ta sake tashi, ba ta lafa ba sai zuwan Turawa a farkon ƙarni na 20, zamanin Sarki Sama'ila ɗan Yakubu Nabame. Mai karatu ya riƙe wannan gaba a ransa, domin za mu komo kanta.

Yadda hunturu ke tafiya

Manomin tudu yakan gama aikinsa da zarar gero da dawa sun shiga rumbu. Bakabe kuwa yana da gona ta biyu a fadama. Ruwan damina yakan cika gulbi ya malala cikin fadama, shinkafa ta tashi tare da shi, ba a yanke ta sai ruwan ya fara ja da baya, daidai lokacin da iskar hunturu ta soma kaɗawa, hazo ya rufe sararin sama. Saboda haka a nan ɗari yakan sami mutane da lauje a hannu. Yanka da bugu da sheƙa duk aikin taro ne, da gayya ake yin su, yau a gonar wane, gobe a gonar wane, mai gona ya ɗauki nauyin fura da tuwo.

Idan shinkafa ta shigo gida, sai gari ya ɗauki wata kama. Lokacin ne ake ɗaura auren da aka yi ta ɗagawa tun damina, domin yanzu akwai abin da za a kai kasuwa a yi kayan ɗaki. Lokacin ne magina suke kwaɓa ƙasa, tunda babu fargabar ruwan sama zai rushe tubali. Masu saƙar zana da masu baibayar ɗaki su ma kasuwarsu ta buɗe. Da yamma kuma sai dandali ya cika. 'Yan kokawa, waɗanda galibinsu manoma ne, su fito da makaɗansu, ƙauye ya kara da ƙauye. 'Yan dambe, waɗanda a al'ada mahauta ne, su bi garuruwa suna neman abokan karawa, domin sun san bayan kaka ne hannun jama'a yake da abin yin kari. Mafarauta su yi gangami su shiga daji da karnuka, tunda ciyawa ta bushe.

Dare ma yana da nasa rabo. Almajirai sukan tara kara tun da rana, bayan magariba su hura wuta, su kewaye ta da allunansu, wutar ta zame musu fitila kuma ta zame musu bargo. A cikin gida yara sukan lafe jikin kakanninsu a gefen murhu, a yi ta tatsuniya da kacici-kacici har barci ya kwashe su. Mu da muke koyar da adabi mun san cewa mafi yawan abin da muke kira adabin baka a irin waɗannan darare na sanyi aka rene shi.

Dokar ruwa

Duk waɗannan abubuwa ana samun irinsu a sauran ƙasar Hausa. Abin da ya bambanta Kabi shi ne ruwa. Lokacin da ambaliya ta shiga fadama, kifi yakan bi ta ya yi ƙwai a cikin ciyawa, 'ya'yan su girma a wurin da abinci ya wadata. Idan ruwa ya fara janyewa, sai kifin ya tattaru a wurare masu zurfi. Da za a bar kowa ya shiga lokacin da ya ga dama, da an kwashe uwa da 'ya'ya tun ba su kai ko'ina ba.

Magabata sun fahimci wannan, suka sa wa ruwa doka, suka naɗa masu tsaron ta, irin su Sarkin Ruwa da Homa. Ba mai jefa taru ko homa a ruwan da aka rufe sai an yi bikin buɗe shi. Tun kafin zuwan Turawa akwai al'adu huɗu da aka san Kabawa da su: gyaran ruwa, wanda ake yi domin neman tsari daga abin da ke cikin ruwa kafin a shiga, fashin ruwa, watau ba da izinin fara su, gyaran gari, domin neman lafiyar gari da albarkar shekara, da shan kabewa, wanda ya danganci nunar amfanin gona. Waɗannan al'adu suna ɗauke da tsafe-tsafe na zamanin da, waɗanda Musulunci ya kawar da mafi yawansu. To amma a ƙarƙashinsu akwai wata hikima da ta wanzu: ruwa na kowa ne, don haka ba mai taɓa shi shi kaɗai. Wani jami'in mulkin mallaka mai suna P. G. Harris ya rubuta bayanin masuntan Kabi a shekarar 1942, kuma har yanzu masu bincike suna komawa ga aikin nasa.

Zaɓen lokacin ma ba da ka aka yi shi ba. A ƙarshen Fabrairu zuwa Maris ruwa ya ragu yadda mutum zai iya shiga da homa, kifi ya taru wuri guda, ɗari ya fara sassautawa yadda jiki zai jure wa ruwa, sa'an nan aikin gona bai taso ba. Abin da aka kama a ci wani, a yi bandar wani, fatake su ɗauka su kai kasuwannin nesa.

Shekarar 1934

Yanzu sai mu komo ga waccan gaba da muka ambata. Ko da Turawa suka hana yaƙi, zukata ba su huce nan take ba, domin akwai dattawa a raye waɗanda suka ga fagen fama da idonsu. A shekarar 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya karɓe shi. Wannan babban al'amari ne, tunda kakannin mutanen biyu sun shafe shekaru masu yawa ba sa ga maciji. Aka yi shawarar abin da za a nuna wa babban baƙo. Dambe da kokawa akwai su a Sakkwato. Abin da Kabawa suka fi kowa shi ne su, don haka aka tara masunta suka shiga ruwa a gabansa.

Daga wannan ziyara ake lissafin farkon bikin da muka sani. Abin lura a nan shi ne, ba a ƙago wani sabon abu ba. Tsohuwar al'adar masunta aka ɗauko aka ɗora mata sabon nauyi, ta zama shaidar sulhu. Sannu a hankali bikin ya sami gurbinsa a ƙarshen hunturu, a ruwan Matan Fada, wanda ake hana su a cikinsa duk tsawon shekara domin wannan rana. Aka haɗa masa da wasannin Kabanci, irin su tseren kwalekwale da ninƙaya da nutso da kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu, ga kuma dambe da kokawa da nunin amfanin gona. Watau dai an tattaro abin da gari yake yi cikin watanni, aka matse shi cikin kwana huɗu.

A 1970 Janar Yakubu Gowon da Shugaba Diori Hamani na Nijar suka halarta, daga nan gwamnati ta shigo da ƙarfinta, baƙi suka fara zuwa daga ƙasashen waje. Giwan ruwan da ta ci gasar 2005 ta kai kilo 75, ta 2020 kuwa kilo 78. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Abin da ya sauya

Suna ya yi nisa, amma gindin da ke ɗauke da shi ya sha girgiza. Farin da aka yi a 1973 da 1984 ya rage ruwa. An kammala madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, ta Goronyo a kan Gulbin Rima ta biyo baya a 1984, ambaliyar da kifi da shinkafa suka dogara da ita ta daina zuwa yadda ta saba. A 2006 sai da aka hana shiga ruwa a bikin saboda ƙarancinsa. Bayan na 2009 kuma aka yi shekara goma ba a yi ba, musamman saboda matsalar tsaro, sai a watan Maris na 2020 aka dawo da shi. Yaron da aka haifa a farkon wannan tsaiko ya kusa gama firamare bai taɓa ganin Matan Fada ta cika ba.

Shi kansa hunturun ya sauya. Injin ban ruwa ya kawo noman rani, wanda ya ƙara bunƙasa a Jihar Kebbi daga 2015. Wannan alheri ne, domin ya cika rumbu ya cika aljihu. Sai dai watannin da a da ake kokawa da farauta a cikinsu, yanzu lokacin dashe ne da ban ruwa. Gayya ta ja baya, aikin lada ya maye gurbinta. Wasu samarin sun tafi cin rani birane, waɗanda suka rage kuma wayar hannu ta ɗauke hirar dare. Ba kuka muke yi da zamani ba, domin zamani riga ne. Damuwarmu ita ce ilimin da ke tafiya ba a rubuta shi ba.

Kammalawa

A Argungu akwai Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da sarakuna suka zauna har 1942, aka mai da ita wurin adana kayan tarihi a 1958. A can za a ga takubba da sulke da tambura da kayan su. Amma gini ba ya iya adana sunayen guraben ruwa, da yadda masunci yake gane inda giwan ruwa ta kwanta, da hukuncin da ake yanke wa wanda ya karya dokar ruwa, da kirarin 'yan kokawar da suka shuɗe. Waɗannan suna cikin kawunan dattawa ne, kuma kowane hunturu yana tafiya da wasu daga cikinsu.

'Yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, mun cika kasuwa da labaran birni da na soyayya, ba laifi. Amma kowannenmu yana da garinsu, kowane gari kuma yana da nasa hunturun, ko da ba shi da gulbi. Idan an sami hutun makaranta na watan Disamba, a ɗauki littafi da biro, ko na'urar ɗaukar magana, a je a durƙusa gaban Sarkin Ruwa ko Sarkin Dambe ko tsohuwar da ta iya tatsuniya. A tambayi sunan kowane abu, da lokacin yin sa, da dalilin yin sa, a rubuta da karin harshen mai maganar, kada a gyara masa baki. Wanda ya yi haka zai samu abin gina ƙagaggen labari da wasan kwaikwayo da waƙa na shekaru. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an samu mai zuwa ya ɗebo ta.