Haruffa Huɗu da Na'ura ta Daɗe Ba Ta Sani Ba

A 1966, a taron da UNESCO ta kira a Bamako, masana suka zauna kan daidaita rubutun harsunan Afirka ta Yamma, Hausa na ciki. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sun riga sun zauna a littattafan Zariya tun shekarun 1930. Nijar ta riƙe na huɗu, ƴ, inda Nijeriya ke rubuta 'y, kuma dokar 1999 ta tabbatar da shi. Da waɗannan haruffa aka yi yaƙi da jahilci a ƙasar Tasawa da Mayahi, da alli bisa allo. Alli bai taɓa ƙin lanƙwasa ba.

Na'ura ce ta ƙi. Tsarin ASCII na 1963 gurbi 128 ne kawai, na Ingilishi. Na 1987, wato ISO 8859-1, ya sama wa Faransanci é da ç, amma Hausa ko oho. Saboda haka malamin da zai buga darasi sai ya zaɓa: ko ya bar "ƙasa" ta koma "kasa", "baƙi" su zama "baki", ko ya bi takardar da alƙalami yana ɗora wa kowane harafi ƙugiyarsa. Masu dabara suka ƙera nau'in haruffa na musamman, suna aron gurbin wata alamar da ba a cika bukata ba su zuba ƙ a ciki. Dabarar na aiki muddin rubutun bai bar na'urar ba. Da ya isa wata, sai aron ya tonu, shafi ya cika da alamomin da ba mai karanta su.

Unicode ya zo a 1991 ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin. Ta ƙ ita ce U+0199. Abin lura, ƙananan ɓ da ɗ an ajiye su ne a zauren alamomin masana furuci, manyansu kuma a wani zaure dabam.

Sai dai lamba ba maɓalli ba ce. Allon AZERTY na ofisoshin Maradi ba shi da ƙ. A wayar salula kuwa, ƙ guda tak kan rage saƙon SMS daga haruffa 160 zuwa 70, mai saƙo ya biya ninki. Ɗalibin Mayahi da ya yar da ƙugiya a lokacin, kuɗinsa yake tattali.