Kammala Sabon Gida a Maiduguri: Me Ya Kamata Ya Riga Wani?

A Maiduguri gini bai cika tsayawa a tushe ko a linta ba. Inda ya fi tsayawa shi ne bayan an buga kwano. Wanda ya zaga sababbin unguwannin da suka miƙe ta hanyar Damboa, da hanyar Damaturu, da gefen Muna, zai ga gidaje birjik da rufinsu amma babu filasta, an toshe tagoginsu da bulo, wani ma an tare a ɗaki ɗaya ana jiran Allah Ya hore na sauran. Magina sun san dalili. Daga wayarin da aikin famfo zuwa tayil, silin, ƙofofi da fenti, kuɗin da kammalawa ke ci yakan yi kafaɗa da na ɗaga ginin kansa, kuma yana zuwa ne a lokacin da aljihun mai gida ya riga ya ji jiki. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki darajar naira a watan da ya biyo baya, lamarin ya ƙara tsanani. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000. Maiduguri kuwa a ƙarshen hanya take: masana'antar siminti mafi kusa ita ce ta Ashaka a jihar Gombe, kuma yawancin tayil da kayan wuta da na banɗaki sai sun ratso Legas ko Onitsha ko Kano kafin su iso, kowace tafiya da kuɗin motarta a kan farashi.

Tunda kuɗi ba ya isa a yi komai lokaci guda, ainihin zaɓin da ke gaban mai gida shi ne na jeri: wanne za a fara, wanne za a jinkirta. Ma'auni biyu ne, a ganina, suka dace da wannan gari. Na farko, aikin da ba a iya sake shi sai an fasa bango ko daɓe ya riga wanda ake iya ƙarawa kowane lokaci. Na biyu, abin da ke kare gida daga zafi da ƙura da ambaliya da rashin wuta ya riga abin da ke burge baƙo. A aikace an fi bin akasin haka. Sai ka ga falo ya sha ado da fitilu masu launi, amma wayar da ke cikin bango ta bogi ce, rufin kuma yana dafa mutanen gida.

Zafi ne babban al'amari, don haka da shi za a fara. A watannin Maris, Afrilu da Mayu ma'aunin zafi a Maiduguri yakan wuce digiri 40. A gida mai hawa ɗaya, rufi ne ke karɓar mafi yawan ranar, saboda a wannan yanki rana kusan a tsakar ka take tsayawa da azahar. Kwano mai duhun launi, irin baƙi da ruwan ƙasa da ake yayi yanzu, yana shanye zafin ya tura shi ƙasa, mai haske kuwa yana mayar da kaso mai yawa sama. Bulon siminti kuma yana tara zafi da rana ya sake shi da dare, shi ya sa ɗaki ke zama ba ya shiguwa bayan isha'i, iyali su kwashi tabarmi su koma tsakar gida. Magani uku ne, kuma duk suna da araha idan an yi su kafin a rufe silin: a zaɓi kwano mai haske, a shimfiɗa takardar alminiyam ko soson hana zafi a ƙarƙashinsa, a kuma bar kafofin iska masu raga a ƙusurwoyin rufin domin zafin da ya taru tsakanin kwano da silin ya sami mafita. Wanda ya tsallake wannan mataki zai biya kuɗinsa daga baya a na'urar sanyaya ɗaki da man janareta, shekara da shekaru.

Shi kansa silin yana da nasa hukuncin. POP ya zama alamar gidan zamani, kuma yana da amfani, domin farar ƙasar da ake yin sa da ita ba ta saurin kama wuta. Rauninsa ruwa ne. Idan kwano na yoyo ko da ɗigo ne, sai ya yi tabo, ya jiƙe, wata rana ya rufto. Saboda haka bai kamata a yi shi ba sai rufin ya ga damina an tabbatar da lafiyarsa, musamman irin rufin da ake ɓoyewa a bayan bango, wanda magudanarsa ke cika da ƙura da ganye. Silin roba ya fi araha kuma ba ya tsoron ruwa, amma in gobara ta tashi narkewa yake yi yana fitar da hayaƙi mai guba, don haka bai dace da ɗakin girki ba. Tsohon silin asbestos kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da bayyana cewa ƙurarsa na jawo sankara.

Taga ma ana yawan zaɓenta da ido. Ta alminiyam mai zugewa gefe rabinta kaɗai ke buɗuwa, wadda ake turawa waje kuwa tana buɗuwa gaba ɗaya, iska ta shiga sosai. Amma a garin da iskar hunturu ke kwaso ƙura daga arewa maso gabas tun daga Nuwamba har Fabrairu, tagar da ba ta rufuwa ruf ita ma matsala ce, don haka a duba robar bakinta kafin a biya. Babban gilashi a bangon yamma, ba tare da rumfa ko baranda ba, yana mayar da ɗaki wurin azaba da la'asar. Akwai kuma wata ɗabi'a da ke damuna ƙwarai: malale tsakar gida kaf da siminti ko intalok, ba a bar ko tafin hannu na ƙasa ba. An san Maiduguri da inuwar dalbejiya da aka jera a titunanta tun zamanin Turawa, amma sababbin gidaje da yawa babu bishiya ko ɗaya a cikinsu. Daɓen na ɗaukar zafi yini guda, kuma yana hana ruwan sama nutsewa, sai ya kwarara titi ya zama matsalar maƙwabta.

Gina gida daidai da zafi ba sabon ilimi ba ne ga Barno. Kufan Birnin Ngazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15, da na fadar Gambaru, sun nuna cewa magina a wannan ƙasa sun ƙware a gasasshen jan bulo tun ɗaruruwan shekaru. Bango mai kauri, zaure, da fili mai inuwa a tsakiya, duk amsoshi ne ga wannan yanayi. Zanen gidan da aka kwaso daga Abuja ko Legas bai san da su ba.

Sai ambaliya. A daren 9 zuwa wayewar garin 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya cika ya tumbatsa, ruwa ya mamaye Fori, Galtimari, Gwange, Bulabulin, Gamboru da wasu unguwanni, ya shiga fadar Shehun Barno, da Kasuwar Monday, da asibitin koyarwa na Jami'ar Maiduguri. An taɓa ganin irin haka a 1994, tazarar shekara talatin ke nan, ƙasa da rayuwar gida ɗaya. Wannan masifa ta gwada kayan kammalawa gwaji mai tsanani. Ƙofar da aka yi da matsattsen garin katako tana kumbura ta wargaje in ta sha ruwa, haka kabad ɗin girki da na tufafi da aka yi da shi. Kafet da aka manne a ƙasa sai dai a ɓamɓare a zubar. Tayil, ƙofar ƙarfe da katako na gaske ana wanke su a ci gaba da amfani da su. Bangon da ya jiƙe kuma yakan ɗauki watanni yana fitar da farin gishiri yana tayar da fenti, wanda ya yi gaggawar sake fenti ya yi asara sau biyu.

Darasin ga mai sabon gini, musamman a gangaren da ke kusa da kogi ko wajen Jere, shi ne ya tambayi maƙwabta inda ruwan 2024 ya tsaya, domin a gidaje da yawa an ga zanensa a bango. Da wannan zane zai auna tsayin daɓensa, da inda zai sa soket da akwatin rarraba wuta, da mazaunin batir da injin jan ruwa. Ɗaga soket sama da inda aka saba ba ya ƙara ko kwabo idan an faɗa wa mai wayarin tun kafin filasta. Akwai dai iyakar da kayan kammalawa ba sa wucewa: inda ruwa ya shanye gida har rufi, babu tayil ko fentin da zai yi ceto, matsalar ta fili ce, kuma tun ranar saye ya kamata a dube ta.

Maganar wuta tana da nata tarihin. A Janairun 2021 'yan tayar da ƙayar baya suka rusa turakun babban layin da ke kawo wuta daga Damaturu. An gyara a watan Maris, cikin 'yan kwanaki aka sake rusawa, garin ya daɗe cikin duhu. A Maris ɗin 2023 aka ƙaddamar da tashar gas mai megawat 50 da kamfanin NNPC ya gina domin rage dogaro da wancan layi. Mutanen gari sun koyi cewa mitar kamfanin rarraba wuta na Yola ba ta isa ta zama madogara ita kaɗai ba, shi ya sa sola ta yaɗu a kan rufuka. Kuskuren da ake yi shi ne a gama wayarin, a yi filasta da fenti, sannan a tuna da sola, sai a dawo ana jan waya a saman bango. Ko babu kuɗin faranti da batir a yanzu, a raba layi biyu tun farko: ɗaya na fitilu, fanka da firji, ɗaya na kaya masu jan wuta kamar dutsen guga da na'urar sanyaya ɗaki. A kuma tanadi wuri mai iska domin batir, saboda zafi na rage masa kwana ƙwarai. Batirin da aka kulle a ƙaramin sito mai zafi yakan mutu tun bai ci rabin shekarunsa ba. Faranti kuma a sa shi inda hannu zai kai, don ƙurar hunturu na rage masa ƙarfi in ba a goge ba.

A nan ne ingancin waya ya zama batun rai. Kasuwa cike take da wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe, da wadda kaurinta bai kai abin da aka rubuta a jikinta ba. Idan aka kankare bakinta da wuƙa aka ga fari a ciki, ta bogi ce. Ƙa'idar kaurin waya da aka saba ita ce 1.5 ga fitilu, 2.5 ga soket, 4 ko fiye ga manyan kaya. Araha ba ta ado, kuma wayar da ta yi zafi a cikin silin ba ta sallama kafin ta kama.

Ruwan sha kuma ya fi ƙarfin gida ɗaya. Ruwan famfo bai kai yawancin sababbin unguwanni ba, sai rijiyar burtsatse ko 'yan ga-ruwa masu kura. Ƙarƙashin garin akwai matakan ruwa uku. Na tsakiya da na ƙasa suna da zurfin ɗaruruwan mitoci, haƙarsu sai hukuma ko mai hali, don haka gidaje na sha ne daga na sama, wanda ƙazanta ke iya riska. Masana lafiya sukan ba da shawarar a bar kimanin mita 30 tsakanin rijiya da ramin masai. Filin da aka saba yankawa, ƙafa 50 a 100, tsawonsa duka bai wuce mita 30 da ɗoriya kaɗan ba. Ke nan ko mai gida ya nisanta rijiyarsa da nasa sokawe, na maƙwabcinsa na iya zama a bayan katanga. A garin da aka sake ayyana ɓarkewar kwalara a Oktoban 2024, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gidaje biyar ko shida su haɗa kuɗi su haƙa rijiya ɗaya mai zurfi, a wuri mai tsabta, da injin sola, ya fi kowa ya haƙa tasa gajera.

Ba na cewa ado banza ne. Mutum ya yi shekaru yana tara kuɗi, yana da haƙƙin ya ga gidansa ya yi kyau, kuma a al'adarmu ranar tarewar amarya idon dangi na kan falo da ɗaki. Mai ginin haya ma ya san tayil da POP ke ɗaga kuɗin haya. Amma ado yana jira. Ana iya zama a kan daɓen siminti mai laushi shekara biyu kafin a sa tayil, ba a rasa komai ba. Kuma adon ma yana da kyau a zaɓe shi da shawarar wadda za ta yini a gidan. Uwargida ce ta san cewa girki da gawayi na bukatar rumfa a waje ko da akwai ɗakin girki na zamani, cewa tayil mai sheƙi na kayar da yara da tsofaffi a wurin alwala, cewa a gidan da ake kunna turaren wuta safe da yamma, kamar yadda matan Barno suka shahara da shi, fentin da ake iya gogewa da tsumma ya fi farin da ke riƙe hayaƙi.

Abu na ƙarshe shi ne mu'amala da masu aiki. Mafi yawan rigimar mai gida da mai tayil ko kafinta daga jingar baka take tasowa. A rubuta abin da aka yi jinga a kai, da nau'in kaya, da wanda zai saya, da ranar gamawa. Kafin alƙalami ya zama daidai gwargwado, a riƙe wani kaso sai an gwada aikin: a cika bututu da ruwa a bar shi ya kwana kafin a rufe shi da siminti, a zuba ruwa a banɗaki a ga ko ya nufi magudana, a ƙwanƙwasa tayil a ji ko akwai kogo a ƙarƙashinsa. Shi ma mai gida ya biya ma'aikaci a kan lokaci, domin jan rai da haƙƙin lebura na cikin abin da ke lalata aiki.

Akwai rabon da ba na mai gida ba ne. Hukumar BOGIS da ke kula da takardun filaye, da hukumar tsara birane ta jihar Barno, su ya kamata su fitar da taswirar inda ruwan 2024 ya kai, unguwa-unguwa, su sanya mafi ƙarancin tsayin daɓe a cikin sharuɗɗan izinin gini. Sassan koyar da gini na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat da Jami'ar Maiduguri kuma su shirya wa masu wayarin, masu famfo da kafintoci gajeren horo da Hausa da Kanuri, da takardar shaidar da mai gida zai iya nema ya gani kafin ya ba da aiki.